Yaba Kyauta Tukwici: Mu da Baƙin da Fitina ta Koro Zuwa Cikinmu

Jawabin da aka gabatar a taron malamai da iyalansu a Rurum Tsohon Gari

Shugaban reshe da 'yan majalisarsa, shugabannin makarantu, iyayenmu masu unguwanni da limamai, malamanmu da suka ajiye alli bayan dogon aiki, 'yan'uwa malamai maza da mata daga Rano da Kibiya, da iyalanmu da suka daure suka zo, muna yi muku barka da zuwa.

Bisa al'ada, idan muka taru irin haka maganar albashi da ƙarin girma da haƙƙin 'yan fansho ce take cinye zaman, kuma ta cancanci hakan. Yau muna neman izini mu ɗan jingine ta, mu yi magana a kan wani bashi da yake wuyanmu, wanda babu wata takarda da aka rubuta shi a ciki.

Duk malamin da yake kiran suna da safe a wannan yanki ya san cewa rajistarmu ta sauya a 'yan shekarun nan. Akwai sunayen da ba mu saba ji ba, akwai yaran da Hausarsu take da wani kari na daban, akwai kuma waɗanda ba sa cikin rajistar sam, sai dai mu hango su ta taga suna wucewa da farantin talla ko suna bin masu cirar tumatir da albasa. Iyayensu sun zo daga Borno da Yobe da arewacin Adamawa, daga baya kuma wasu suka biyo daga Zamfara da Katsina. Ba sansani aka kafa musu ba. Wani ya sauka a zauren ɗan'uwa, wani aka ba shi aron kango ya rufa, wata ta kama ɗaki ɗaya ita da 'ya'yanta. Haka abin yake a ƙasar nan tun farkon fitinar: mafi yawan waɗanda aka raba da gidajensu talakawa 'yan'uwansu ne suka sauke su, tun kafin wata hukuma ta san da zamansu.

Mu tuna yadda aka kai ga haka, domin ƙananan malamanmu suna ɗalibai lokacin da abin ya faru. A shekarar 2014 Gwoza ta faɗa hannun Boko Haram cikin watan Agusta, Bama ta biyo baya a Satumba, Mubi a ƙarshen Oktoba, sannan aka afka wa Baga a Janairun 2015. Mutum fiye da miliyan biyu suka bar gidajensu. Makaranta kuwa ita aka sa a gaba tun daga sunan fitinar. An kashe ɗalibai a Mamudo a 2013, an kashe su a Buni Yadi a Fabrairun 2014, an kwashe 'yan mata a Chibok cikin Afrilun wannan shekara, aka sake a Dapchi a 2018. A 2015 uwar ƙungiyarmu ta NUT ta bayyana cewa an kashe malamai sama da 600, wasu kimanin 19,000 kuma sun tsere daga wuraren aikinsu. Waɗannan mutane katin ƙungiya ɗaya muke riƙewa da su, ana yankar kuɗin ƙungiya daga albashinsu kamar yadda ake yanka daga namu. Laifinsu shi ne aikin da muka tashi muka yi jiya, muka dawo gida lafiya muka ci tuwo. Da iyakar fitinar ta ɗan gusa yamma, da sunayenmu ne a cikin wannan lissafi. Kano ma ta ɗanɗana, a ranar 20 ga Janairun 2012 da ranar Juma'ar 28 ga Nuwamban 2014 a Babban Masallaci, amma azuzuwanmu a nan kudu suna tsaye, ba a ƙona mana ko ɗaya ba.

Kullum muna cewa mun gode Allah, kuma gaskiya muke faɗa. Sai dai Bahaushe ya ce yaba kyauta tukwici. Wanda aka bar wa ransa da ajinsa da allonsa, tukwicin da ya dace da shi shi ne ya buɗe ƙofar ajin nan ga ɗan wanda aka rufe wa tasa.

Bashin kuma ya girmi wannan fitina da ɗaruruwan shekaru. Babu gidan malamai a ƙasar Kano da ba shi da labarin wani kaka ko uba da ya tafi gabas neman Alƙur'ani. Gabas ɗin nan Borno ce. Can gardawanmu suke zuwa da allo da buzu da 'yar jaka, ba su da ko anini, ba su san kowa ba, ba sa jin Barbarci. Matan Barebari ne suka zuba musu abinci a akushi shekara da shekaru, malamansu suka zaunar da su a tsangaya har suka haddace, suka rubuta, suka dawo mana da sunan alaramma ko gwani. Ba a tambaye su takardar shaidar ƙaramar hukuma ba. Yau jikokin waɗancan mata ne suke tsaye a bakin ƙofarmu. Idan muka bar su a waje, me za mu ce da kakanninmu?

Mu mutanen Rano ma muna da dalilin da ya fi na kowa. A darasin tarihi muna koya wa yara cewa Rano tana cikin Hausa Bakwai, kuma labarin da aka gada ya ce Bayajidda daga Bagadaza ya fito, ya zauna a Borno, ya gudo yamma domin tsira da ransa, ya iso Daura cikin dare yana neman ruwa a gidan wata tsohuwa. Masana suna da ja a kan labarin, wannan nasu ne. Abin lura shi ne al'ummar da ta zaɓi ta ce asalin sarautarta baƙo ne ɗan gudun hijira, wanda aka sauka, shi kuma ya rama alheri da aiki a bakin rijiyar Kusugu. Nan kusa kuma, dattawan da suke zaune a gabanmu sun ga lokacin da aka gina madatsar ruwan Tiga a zamanin Gwamna Audu Bako, tsakanin 1971 da 1974, sun ga yadda ruwa ya ci gonaki da gidaje, aka tashi mutane suka koma inda ba su saba ba. Wancan tashi na ci gaba ne, babu mai bin kowa da bindiga, duk da haka ku tambaye su ko an manta da kukar da aka bari da kushewar iyaye.

Tun da mun ambaci Bagadaza, bari mu ɗauko wani darasi daga can. A watan Yunin 2014, watanni biyu kafin Gwoza, birnin Mosul na Iraƙi ya faɗa hannun 'yan ISIS, jama'a suka watsu, ƙari a kan waɗanda yaƙin 2003 ya riga ya tarwatsa. Wasu iyalan Iraƙi sun ƙare a Kanada, inda tun 1979 ake da wani tsari: mutum biyar talakawan gari su haɗu su ɗauki nauyin iyali guda na tsawon shekara ɗaya. Su ne za su tarye su, su nema musu ɗaki, su kai yara makaranta, su raka uwa asibiti, su zauna da uba har ya iya cike takarda da kansa. Abin da ya burge mu a tsarin shi ne kowane iyali ya san sunayen mutanensa, kuma alkawarin yana da wa'adi. Mu ba baƙi ba ne ga irin wannan. Da Muhajirai suka isa Madina, haɗa su aka yi da Ansar mutum da mutum, kowa ya san ɗan'uwansa. Taimakon da aka ce na kowa ne, a ƙarshe ba na kowa ba ne. Mun sha ganin haka a rabon kayan azumi, inda ake zuwa da buhu da mai ɗaukar hoto sau ɗaya a shekara, a tafi, yaron kuma yana nan bai san baƙi ba.

Abin da muke kawowa gaban reshe ke nan. Malamai huɗu ko biyar na makaranta ɗaya ko unguwa ɗaya su haɗu su riƙi gida ɗaya na tsawon zangon karatu uku. Ba kuɗi muke nema ba. Mun san abin da ya rage a aljihun malami tun da aka cire tallafin man fetur a 2023, mun san wasu a cikinmu a ƙafa suke zuwa aiki. Abin da muke da shi wanda attajiri ba shi da shi, shi ne mun san hanyar takarda, kuma mun iya koyarwa.

Hanyar takarda ita ce ta fi ɗaure wa waɗannan iyaye kai. Wanda ya fita da dare da rigar jikinsa bai tsaya ɗaukar takardar haihuwa ko ta canjin makaranta ba, sau da yawa ma makarantar da za ta ba da ita toka ce. Uwa takan ɗauka cewa ba tare da takarda ba ba za a karɓi ɗanta ba, sai ta haƙura tun kafin ta tambaya. Dokar ilimin bai-ɗaya ta 2004 ta ba kowane yaro a Najeriya haƙƙin karatun shekara tara kyauta, Jihar Kano ma ta ayyana ilimi kyauta kuma dole a 2019, ba a ce ban da ɗan Bama ko ɗan Zurmi ba. Aikinmu shi ne mu je gidan mu faɗa mata haka, mu riƙo hannun yaron zuwa ofishin shugaban makaranta, sannan mu raka ta wurin jami'in Hukumar Ƙidaya domin takardar haihuwa. Manyan yaran kuma a yi musu lambar zama ɗan ƙasa da wuri, domin tun 2021 ba a rajistar jarrabawar JAMB sai da ita. Tafiyar yini ɗaya ce ga wanda ya san ƙofa, amma tana iya zama shekara ga wanda bai sani ba.

Sai koyarwar kanta, kuma nan ne wahalar take. Yaro ɗan shekara goma sha biyu da ya yi shekara huɗu ba ya aji, idan aka sa shi aji shida zai zauna kamar gunki, idan aka mayar da shi aji biyu kunya za ta kore shi cikin mako guda. Maganinsa darasin yamma: awa ɗaya bayan la'asar, sau biyu ko uku a mako, karatu da lissafi kawai, da Hausa, har ya kamo sa'o'insa. Ba a buƙatar sabon gini, ajin da muka kulle da azahar yana nan. Muna kuma roƙon malamai su sassauta bulala a kan waɗannan yara. Wanda ya ga abin da suka gani, ƙarar salansar babur ma takan sa shi ya shige ƙarƙashin benci, wani kuma ya yi shiru wata guda ba ya amsa tambaya. Wannan ba taurin kai ba ne. A filin wasa kuwa mu buɗe kunne: duk yaron da ya kira ɗan'uwansa ɗan Boko Haram, a kira shi gefe a nuna masa cewa wanda yake tsokana shi ne wanda Boko Haram ta kashe wa uba.

Malamai mata, da matanmu da suke zaune a wancan ɓangare, rabin aikin nan naku ne, domin yawancin gidajen nan mata ne suke riƙe da su, kuma namiji ba zai shiga ba. Ku ne za ku ji ko ana shirin aurar da yarinya saboda babu abin da za a ciyar da ita, ku ne za ku san wadda take son koyon karatu ita ma. Jiharmu tana da hukumar ilimin manya tun 1980, zamanin Abubakar Rimi. A haɗa su da ajin da ya fi kusa, inda babu kuma a buɗe a tsakar gida.

Mun san akwai masu cewa, a zuci ko a fili, ai ba mu san su ba, kuma zamani ya lalace. Maganar tana da tushe, ba za mu raina ta ba, mu da muke maƙwabtaka da dajin Falgore. Shi ya sa muka gayyaci masu unguwanni wannan zama, kuma babu gidan da za mu shiga sai da saninsu. Amma a ganinmu baƙon da malamai biyar suka san sunansa da sunan 'ya'yansa ya fi zama abin natsuwa a kan wanda aka bari a kango babu mai yi masa sallama. Wasu kuma za su ce namu yaran ma ɗari ne a aji, wasu a ƙasa suke zama. Haka ne, kuma ba za mu daina faɗa wa hukuma ba. Darasin yamman nan ba za mu kori ɗan gari daga cikinsa ba idan shi ma yana baya. Mai yiwuwa ma baƙin su zama sanadin da namu za su samu abin da suka daɗe ba su samu ba.

Ba mu ne farau ba. A 2015 gwamnatin Kano ta karɓo marayu ɗari daga Borno ta buɗe musu makarantar kwana a Mariri. A Maiduguri, lauya Zannah Mustapha ya buɗe makaranta tun 2007 inda yake zaunar da marayun ɓangarorin biyu a benci ɗaya, har Majalisar Ɗinkin Duniya ta ba shi lambar yabo ta Nansen a 2017. A jihar Maraɗi, ƙauyukan Nijar da su kansu ba su da wadata sun sauki dubban mutanen Sakkwato da Zamfara da Katsina tun 2019. Namu ƙarami ne a kan waɗannan, gida ɗaya ga malamai biyar.

Sakataren reshe yana bakin ƙofa da littafi. Wanda ya shirya ya rubuta sunansa da makarantarsa da ranakun da yake da sarari. Wanda ya ajiye aiki ma muna buƙatarsa, ya fi mu lokaci, ya kuma fi mu haƙuri. Shugabannin makarantu su kawo mana sunayen gidajen da suka sani ta hannun masu unguwanni kafin zama na gaba, domin mu raba su tun kafin a shiga sabon zango. Allah ya jiƙan abokan aikinmu da suka rasu a bakin aiki, ya mayar da kowa gidansa lafiya.