Hasumiyar Gobarau: Gadon da Ya Haɗa Katsinawan Gida da na Ƙetare

(Jawabin da aka gabatar a taron shekara-shekara na ƙungiyar tsofaffin ɗalibai a Jibiya)



An nemi in yi magana a kan wani abin tarihi da ya shafe mu baki ɗaya, sai na zaɓi Hasumiyar Gobarau da ke tsakiyar birnin Katsina. Da yawanmu mun sha wucewa ta gefenta a mota, amma kaɗan ne suka taɓa tsayawa suka hau ta.

Tarihin baka ya danganta ginin masallacin Gobarau da zamanin Muhammadu Korau, wanda ya karɓi mulki daga hannun Durɓawa, kuma shi ake ɗauka a matsayin Sarkin Katsina Musulmi na farko. Da ƙasa da tubali da azara aka yi ginin, hasumiyar kuwa tsawonta ya kai kimanin mita 15. Akwai labarin da dattawa ke bayarwa cewa malamai sun yi saɓani a kan alƙibla lokacin aza harsashi, sai wani da ake kira Malam Jodoma ya nuna gabas da sandarsa, jama'a suka hango Ka'aba. Labarin yana nuna mana irin girman da kakanninmu suka ba wannan wuri.

A da, aikin Gobarau uku ne. Nan ne masallacin Juma'ar birni, inda ladan ke hawa ya kira salla. Nan kuma dakaru ke tsayawa su hango ƙurar mahara tun daga nesa. Na uku, wanda ya fi shafarmu mu 'yan makaranta, wurin karatu ne. Wajen shekarar 1493 Shehu Maghili ya zo Katsina ya karantar. A ƙarni na 17 birnin ya fitar da Wali Ɗanmarina da Wali Ɗanmasani. Bayansu aka yi Muhammadu al-Katsinawi, masanin lissafi, wanda ya rasu a Alƙahira a 1741. Ke nan lokacin da aka buɗe Kwalejin Katsina a 1922, ta tarar da garin da ya daɗe da sanin darajar alƙalami.

To ina ruwan Jibiya da wannan? A 1807 Malam Ummarun Dallaje ya ci Katsina a lokacin jihadi, sarakunan Haɓe suka yi arewa, daga baya suka kafa mulkinsu a Maraɗi. Har yau Sarkin Katsina ake kiran sarkin Maraɗi. Hanyar da ta taso daga Katsina ta ratsa Magama ta shiga Ɗan Isa, hanyar dangi ce tun kafin Turawan Ingila da na Faransa su shata iyaka. An rufe wannan iyaka a 2019, an sake rufe ta a 2023, duk mun ga yadda kasuwa ta mutu, zumunci ya yi wuya. Amma Bakatsinen Maraɗi da na Jibiya kakanninsu sahu ɗaya suka bi a Gobarau, wannan kuwa babu shingen da zai raba shi.

Jama'a, ginin ƙasa ba ya rayuwa sai da hannun mutane. Kowace damina tana ɗibar rabonta. Abin da ya sa muka tarar da hasumiyar a tsaye shi ne gyaran da magabata suka yi ta yi, ciki har da na zamanin Sarki Muhammadu Dikko, wanda ya yi sarauta daga 1906 zuwa 1944. Maƙwabtanmu na Agadas sun riƙe tasu hasumiyar mai mita 27, har hukumar UNESCO ta sa tsohon garin cikin kayan tarihin duniya a 2013. A Indiya ma, mabiya addinin Hindu a birnin Baranasi suna tattalin wurin ibadarsu na Kashi Bishwanat, wanda wata sarauniya, Ahilyabai Holkar, ta sake ginawa a 1780, kuma yaransu sun san labarinsa. Namu yaran fa?

Saboda haka ina ba ƙungiya shawara biyu. Ta farko, mu ɗauki nauyin mota sau ɗaya a shekara, a kai 'yan ajin ƙarshe Gobarau tare da malamin tarihi, su hau matakalar da ƙafarsu. Ta biyu, waɗanda ke da dattawa a Maraɗi ko Katsina su zauna da su, su rubuta abin da suka ji, a ajiye a laburaren makaranta tun kafin masu labarin su ƙare.

Allah ya jiƙan malamanmu da suka riga mu, ya saka wa na raye da alheri.