A San Ɗakin Haihuwa Tun Kafin Ranar Naƙuda

Jawabi ga ɗaliban azuzuwan yaƙi da jahilci, maza da mata

 

Maganar yau a kan haihuwa ce. Hausawa sun ce ba a fafe gora ranar tafiya. Amma sau da yawa mace takan yi wata tara da ciki, ita da maigidanta ba wanda ya san inda ƙofar ɗakin haihuwa take a asibiti. Sai naƙuda ta yi tsanani cikin dare, sannan a shiga neman mota, a shiga neman kuɗi, a isa asibiti ana tambayar maigadi ina za a bi.

Binciken lafiya da Hukumar Ƙidaya ta Ƙasa ta yi a 2018 ya nuna cewa cikin kowace haihuwa 100 a Nijeriya, 39 ne kawai aka yi a asibiti. A yankin Arewa maso Yamma ko 20 ba su kai ba. Binciken ya kuma nuna cewa cikin haihuwa 100,000, mata 512 suna rasa ransu, wato kusan mace ɗaya cikin 200.

Masana lafiya sun ce jinkiri iri uku ne ke jawo yawancin wannan asara. Na farko, jinkirin yanke shawara a gida. Na biyu, jinkirin hanya. Na uku, jinkirin samun kulawa bayan an isa. Zuwa ganin ɗakin haihuwa tun da sauran lokaci yana rage duka ukun, domin gani ya kori ji.

Yaushe za a je, kuma da wa?

Ranar awo ita ce ta fi sauƙi. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawara a 2016 cewa mai ciki ta ga ma'aikacin lafiya sau takwas kafin ta haihu. A ɗaya daga cikin waɗannan ranaku, wajen wata na bakwai, sai ta roƙi babbar ungozomar asibitin ta zaga da ita. Idan aiki ya yi yawa a ranar, a nemi ta sa wata rana.

Kada ta je ita kaɗai. Ta tafi da wadda za ta raka ta ranar haihuwa, ko uwa, ko uwar miji, ko yaya. Maigida ma ya je. Ba lalle a bar shi ya shiga wurin mata ba, amma akwai wuraren da suke nasa: wurin yankan kati, wurin biyan kuɗi, ɗakin magani da ɗakin gwajin jini. Shi ne zai yi ta kai da kawowa tsakaninsu a ranar.

Mai cikin fari da za ta tafi goyon ciki gidan iyayenta, asibitin da ke kusa da garin iyayen shi ne ya kamata ta gani. Ta tafi da katin awonta, ta nuna shi a can tun da wuri.

Ƙofar dare

Abu na farko da za a tambaya shi ne ta ina ake shiga da dare. Wani asibitin yakan rufe ƙofar da aka saba bi da rana. A tambaya ko akwai ungozoma a bakin aiki dare da rana, har da Asabar da Lahadi da ranakun Salla. Wanda ya iya karatu ya karanta allunan da ke kan ƙofofi, ya riƙe su a ka. Nan ne amfanin zaman aji zai fito.

Ɗakin naƙuda

Nan mace take fara zama. Ungozoma za ta auna jininta, ta ga ko ya hau. Za ta ɗora wani ɗan mazurari ko ƙaramar na'ura a cikin, ta saurari bugun zuciyar yaro. Bayan kamar awa huɗu-huɗu za ta sa safar hannu ta duba bakin mahaifa. Sai ya buɗe santimita 10, kusan faɗin tafin hannun babba, sannan ake cewa mace ta yi nishi. Duk abin da ta gani tana rubuta shi a takarda. Da wannan rubutun ake gane naƙudar da ke tafiya daidai da wadda ta tsaya.

Mata da yawa kunya ce ke hana su zuwa, musamman a haihuwar fari. To, a duba da ido, a ga ko akwai labule tsakanin gadaje. A tambaya mata ne ko maza ke karɓar haihuwa. A tambaya ko ana barin 'yar rakiya ta zauna kusa. Matambayi ba ya ɓata, kuma wannan tambaya ba rashin kunya ba ce.

Ɗakin haihuwa

A nan za a ga gado mai shimfiɗar leda, da fitila, da sikelin auna jariri, da almakashi da sauran ƙarafa da aka dafa don kashe ƙwayoyin cuta. Wadda ta ga waɗannan kaya da rana, hankalinta kwance, ba za su firgita ta ba ranar da take kan gwiwa. Wadda ta saba haihuwa a durƙushe ta faɗa wa ungozoma tun yanzu, su daidaita.

Akwai abubuwa uku a wannan ɗaki da babu su a gida. Na ɗaya, allurar da ake yi wa mace da zarar yaro ya faɗo. Tana sa mahaifa ta tsuke, mabiyiya ta fita, jini ya tsaya. Zubar jini bayan haihuwa yana iya kashe mace cikin awa biyu. Na biyu, allurar jijjiga, ciwon nan da hawan jini ke kawowa, wanda wasu ke ɗauka iska ce. Na uku, ɗan famfon roba da ake hura wa jariri iska da shi idan ya fito bai yi kuka ba. A tambaya ko duk ukun suna nan.

Masu son a ba su mabiyiya su binne a gida kamar yadda aka saba, sai su faɗa, su kawo roba mai murfi.

Tiyata da jini

Ba kowane asibiti ke yin tiyata ba. Ƙaramin asibitin ƙauye yana karɓar haihuwar da ta zo da sauƙi. Idan ta zo da gardama sai ya tura mace babban asibiti. Saboda haka a tambaya ina ake turawa, tafiyar awa nawa ce, akwai motar asibiti ko babu, kuma wa ke zuba mata mai.

Tiyata ba ragwantakar mace ba ce. Ana yin ta idan yaro ya kwanta a gicciye, ko kansa ya fi ƙarfin ƙugun uwa, ko mabiyiya ta tare hanya. Idan aka bar mace kwana biyu ko uku tana fama, kan yaro yakan danne mafitsara a jikin ƙashi har naman wurin ya mutu ya huje. Wannan shi ne asalin yoyon fitsari, kuma galibi yaron ma ba ya zuwa da rai. Yankan gishiri ba ya buɗe ƙashi, sai dai ya ƙara ɓarna. Gwamnatin Tarayya tana da cibiyoyin gyaran masu yoyon fitsari a Babbar Ruga ta Katsina da Ningi ta Jihar Bauci, amma rigakafi ya fi magani. Ƙa'idar mai sauƙi ce: kada naƙuda ta wuce awa 12 mace tana gida.

Kafin a yi tiyata akan nemi a sa hannu a takarda. Nan ake ɓata lokaci idan maigida ba ya nan. Magidancin da zai tafi ci-rani ko fatauci ya bar izini a fili, a gaban mahaifiyarsa da 'yan'uwansa, cewa ko yana nan ko ba ya nan a kai matarsa asibiti. Ya kuma faɗi wanda zai tsaya a madadinsa.

Jini kuwa ba a shuka shi, a jikin mutum ake samu. A gwada rukunin jinin mai ciki tun wajen awo. A shirya mutum biyu ko uku masu lafiya cikin dangi, waɗanda suka yarda za su bayar idan bukata ta taso. Ana gwada jinin don ƙanjamau da ciwon hanta kafin a ƙara wa kowa. Wanda ya bayar, jikinsa yana mayar da shi cikin 'yan makonni.

Ɗakin masu jego

Bayan an sauka lafiya, ana son uwa da ɗa su yi awa 24 a asibiti, domin a ranar farko hatsari ya fi yawa. Kada dangi su matsa a sallame su saboda masu barka suna jira a gida.

A nan za a ga ana ɗora jariri a ƙirjin uwarsa, a sa masa nono cikin awa ɗaya da haihuwa. Dakashi, wato nonon farko mai kauri da launin rawaya, ba dauɗa ba ne. Shi ne kariyar farko da yaro ke samu daga cututtuka, kada a matse shi a zubar. Ana jinkirta wankan jariri zuwa kwana ɗaya don kada sanyi ya kama shi. Akwai maganin shafawa na cibiya da ungozoma za ta nuna. Ban da shi kada a sa mata toka, ko man goge baki, ko kashin shanu. Kafin sallama a tambayi rigakafin farko: allurar tarin fuka, allurar ciwon hanta da ɗigon shan inna.

A tambaya kuma yadda ake yi da bakwaini. Manyan asibitoci suna da kwalbar ɗumama shi. Inda babu, ana koya wa uwa ta goya shi a ƙirji, fata da fata, a rufe shi da zane, a sa masa hula.

Kaya da kuɗi

Kowane asibiti da jerin kayan da yake nema. A roƙa a rubuto su a takarda. Galibi akwai zannuwa wankakku, audugar mata, sabulu, leda, bokiti, tocila, da kayan jariri. A haɗa su a jaka ɗaya tun wata na takwas, a sa katin awo a sama.

A tambaya dalla-dalla abin da yake kyauta da abin da ake biya, har da kuɗin tiyata ko da ba a fatan ta. Sannan a ware wani abu, ko ɗan akuya, ko buhun hatsi, ko kwasar adashi, a ce wannan na haihuwa ne.

Mota ma a shirya ta. A yi magana da direba biyu a gari, a rubuta lambar wayarsu a bayan katin awo. Idan akwai rafin da ke yanke hanya da damina, gara mai ciki ta koma wurin dangi kusa da asibiti kafin watanta ya tsaya.

Alamun da ba a jira da su

Ko ranar haihuwa ba ta zo ba, a garzaya asibiti idan aka ga ɗaya daga cikin waɗannan: zubar jini, ciwon kai mai tsanani da gani dishi-dishi, kumburin fuska da hannuwa, jijjiga, zazzaɓi mai zafi, fashewar faya ba tare da naƙuda ba, ko yaro ya daina motsi. Ungozomar gargajiya da ta ga haka ta ce a tafi, ta kuma raka, ta yi babban aiki, kuma ta cancanci godiya.

Jama'a, rai da ajali na Allah ne, amma an umurci bawa ya yi nasa ƙoƙarin. Kowane aji ya duba a cikinsa da maƙwabtansa, ya ga masu ciki nawa ne. Malamin aji da mai unguwa su nemi rana a wurin ungozomar asibiti mafi kusa, a tafi tare. Wanda ya iya rubutu ya rubuta tambayoyin nan a littafinsa, ya rubuto amsa, ya karanta wa waɗanda ba su samu zuwa ba.

Allah Ya sauki masu ciki lafiya, Ya raya abin da aka samu. Wassalamu alaikum.