CIBIYAR CATO: MASU FATAUCIN RA'AYI A ƘASAR AMURKA



Yawancinmu da ke zaune a nan fatauci ne ya raba mu da gida, wani ya sauka Agege, wani Sabon Ibadan, wani Fatakwal. Saboda haka na ga ya kyautu in yi muku bayanin waɗansu fatake na ƙasar Amurka waɗanda hajarsu ita ce ra'ayi, watau Cibiyar Cato. Dalili kuwa shi ne, irin wannan haja takan ƙetare teku, har ta zo ta taɓa kuɗin da ke aljihun mutumin da bai taɓa jin sunan masu ita ba.

An buɗe wannan cibiya a birnin San Francisco cikin shekarar 1977. Mutum uku ne suka kafa ta: Charles Koch, attajirin man fetur, wanda ya ba da kuɗi, Murray Rothbard, shaihin malamin tattalin arziki, da Edward Crane, wanda ya zama shugabanta na farko. Aƙidarsu ita ce a sakar wa mutum mara. A ganinsu aikin gwamnati shi ne tsare rai da dukiya da yin shari'a tsakanin jama'a, amma abin da mutum zai saya, da abin da zai sayar, da abin da zai faɗa, wannan sha'aninsa ne muddin bai cuci wani ba.

Sunan kuwa daga Ingila suka samo shi. Tsakanin 1720 da 1723 waɗansu marubuta biyu, John Trenchard da Thomas Gordon, sun buga wasiƙu 144 a jaridun Landan suna sukar zalunci da cin hanci. Sai suka ɓoye sunayensu, suka sa hannu da sunan Cato, wani dattijon majalisar Rum wanda ya yi tsayayya da mulkin Julius Kaisar.

Masu wannan aƙida suna da jam'iyyarsu, har Crane ya taɓa shugabantarta. Amma a zaɓen shugaban ƙasa na 1980 ɗan takararta bai samu abin da ya wuce kashi ɗaya da 'yan kai cikin ɗari na ƙuri'u ba. Hanyar da cibiyar ta ɗauka dabam ce: maimakon neman kujera, sai a nemi kunnen wanda ke kan kujera. A cikin 1981 ta tashi ta koma Washington, kusa da Majalisa. A shekarar nan ce kuma aka ɓata da Rothbard, aka raba shi da cibiyar, yana zargin abokansa da sassauta aƙida domin neman karɓuwa.

To, yaya suke aikin? Suna ɗaukar masana albashi, kowa da fanninsa: haraji, ciniki, lafiya, ilmi, shari'a, harkokin waje. Masani zai bi diddigin wata doka, ya lissafa abin da take ci da abin da take haifarwa, ya rubuta ƙasida, a raba wa 'yan majalisa da 'yan jarida. Sukan ba da shaida gaban kwamitocin Majalisa, sukan kuma aika wa Kotun Ƙoli takardar shawara a kan ƙararraki masu muhimmanci. Ba sa karɓar kuɗin gwamnati. Da gudummawar mutane da gidauniyoyi suke tafiyar da al'amuransu.

Abin lura shi ne, ba su kwanta a gidan ko ɗaya daga cikin manyan jam'iyyun Amurka biyu ba. Sun goyi bayan rage haraji, 'yan mazan jiya suka yi murna. Amma kuma sun ƙi yaƙin Tekun Fasha na 1991, sun ƙi mamayar Iraƙi ta 2003, suna kuma kira da a sauƙaƙa wa baƙi shiga Amurka neman aiki, suna cewa baƙo mai neman halalinsa ƙara arzikin gari yake yi. Wannan magana ba baƙuwa ba ce ga mutumin Sabo.

Yanzu bari in kawo muku inda zancen ya shafe mu. A cikin 2002 cibiyar ta ƙirƙiro wata kyauta da sunan Milton Friedman, wanda ta fara ba wa kuwa shi ne Peter Bauer, malamin tattalin arziki a Landan, wanda ya rasu 'yan kwanaki kafin bikin. Shi wannan Bauer ya zo Nijeriya da ƙasar da yanzu ake kira Ghana, ya shiga kasuwanni, ya fitar da littafi a kan cinikin Afirka ta Yamma a 1954. A zamanin nan jami'an mulkin mallaka da yawa suna ɗaukar dillalai da 'yan tireda tamkar ƙaska a jikin talaka. Bauer ya ce ba haka ba ne: mai sayar da sukari ƙwaya uku ko ashana 'yan tsinke aiki yake yi wa wanda ba shi da kuɗin sayen kwali. Ya kuma soki hukumomin sayen amfanin gona, na koko da aka kafa a 1947 da na gyaɗa da auduga na 1949, ya nuna suna biyan manomi ƙasa da farashin duniya suna tara rarar. A cikin 1986 gwamnatin Janar Babangida ta rushe waɗannan hukumomi. Manoman koko sun ga ƙarin kuɗi, amma ingancin koko ya faɗi, domin masu duba shi sun tafi tare da hukumar.

Misali na biyu shi ne fansho. A 1981 ƙasar Chile ta mai da fansho asusun kowane ma'aikaci na kansa. Ministan da ya tsara wannan, José Piñera, ya haɗa kai da Cato a 1995 domin a yi irinsa a Amurka. Shugaba Bush ya gwada a 2005, Majalisa ba ta yarda ba. Amma dokar fansho ta Nijeriya ta 2004 da tsarin Chile ta yi koyi, alhali kuwa a can Chile jama'a sun fito zanga-zanga a 2016 suna kukan abin da ake biyansu bai isa ba.

Ba a rasa masu sukar cibiyar. Suna cewa wanda ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski, suna nuni da kuɗin mai da kuma shekarun da masananta suka yi suna rage girman haɗarin ɗumamar yanayi. A 2012 ma Charles Koch da ƙanensa David sun kai ƙara kotu a kan ikon cibiyar. Aka sasanta, Crane ya sauka bayan shekara 35, aka kuma soke tsarin hannun jari da aka kafa ta a kai.

Jama'a, shawarata ita ce mu yi wa ra'ayi yadda muke yi wa goro. Ba a sayen huhu don kyawun ganyen da ke samansa. A kwance, a duba har ƙasa. In aka zo muku da sabuwar manufa, ku tambayi wa ya rubuta ta, wa ya biya shi, a ina aka gwada ta, kuma me ya sami talakan wurin bayan shekara ashirin.

Allah ya ba mu kasuwa, ya mai da kowa gida lafiya.