Mu Gina Manhajar Saƙo Da Hannunmu



Da wuya a sami ɗayanmu a wannan zaure wanda bai aika saƙo da waya ba tun wayewar garin yau. Ɗalibi da ita yake jin an ɗaga lacca, akawu kuma da ita yake aika wa maigidansa hoton takardar ofis. Amma in aka tambaye mu ta hannun wa saƙon nan yake bi kafin ya isa, da yawanmu sai mu yi shiru. To, maganin wannan shiru yana hannunmu, watau mu ɗauko rubutun tushe na wata ƙaramar manhajar saƙo, mu gina ta da kanmu, mu sa ta cikin waya. Gani ya kori ji.

Kowace manhaja mutane ne suka zauna suka rubuta ta, layi bayan layi, da wani harshen kwamfuta wanda ɗan Adam yake iya karantawa. Wannan shi muke kira rubutun tushe. Waya kuwa ba ta jin wannan harshe sai an juya shi zuwa wanda na'ura take ganewa, an ɗaure shi cikin ƙunshi ɗaya, wanda a wayoyin Android ake kira APK. Juyawar nan da ɗaurewar su ne gini. Wanda ya sauko da manhaja daga kasuwar Google, tuwo ya saya a dafe. Wanda ya gina ta daga tushe kuwa ya ga hatsin, ya kuma ga abin da aka zuba a miya.

Ba kowane kamfani ne yake yarda a leƙa tukunyarsa ba. WhatsApp, wadda aka kafa a 2009, Facebook ya saye ta a 2014, rubutunta a rufe yake. Telegram, wadda ta fito a 2013, ta buɗe rubutun manhajarta ta waya. Signal ma ta buɗe nata. Sai dai waɗannan manyan gidaje ne, mai koyo zai ɓace a cikinsu. Saboda haka akan fara da manhajar gwaji. Misalin da muka zaɓa shi ne Jetchat, wadda Google ya ajiye a rumbun GitHub cikin tarin misalai mai suna compose-samples. Da harshen Kotlin aka rubuta ta, kuma lasisinta na Apache ya halatta wa kowa ya ɗauka, ya canja, ya rarraba, muddin ya kiyaye sharuɗɗansa.

Kayan aiki uku ake bukata. Na fari shi ne kwamfuta wadda ƙwaƙwalwarta ta aiki ta kai giga 8 a ƙalla. Na biyu shi ne Git, wanda Linus Torvalds ya ƙirƙira a 2005, shi ne yake kwafo rubutun tushe tare da tarihin duk canjin da aka taɓa yi masa. Na uku shi ne Android Studio, ɗakin aikin da Google ya fito da shi sosai a 2014, inda ake karanta rubutun, a gyara, a gina. Git da Android Studio kyauta ne. Abin da yake cin kuɗi shi ne data, domin saukowar farko tana cin giga da dama. Don haka wanda yake da hankali sai ya nemi intanet ɗin makaranta ko ta ofis inda aka yarda, ya kuma tabbata batirinsa a cike yake, kada a ɗauke wuta aiki yana tsakiya.

In kaya sun kammala, sai a rubuta umurnin git clone tare da adireshin rumbun, rubutun ya sauko. A nan akwai wurin tuntuɓe na farko. Tarin yana ɗauke da misalai da yawa, kowanne aiki ne mai zaman kansa, saboda haka jakar Jetchat kaɗai ake buɗewa a Android Studio. Da an buɗe ta, sai wani ma'aikaci mai suna Gradle ya kama aiki. Shi ne sarkin magina: ya karanta jerin abubuwan da manhajar ta dogara a kansu, watau guntayen da wasu masana suka riga suka rubuta, ya sauko da su ɗaya bayan ɗaya. Wannan yakan ɗauki lokaci, amma sau ɗaya ne. Abin da ya sauko yana nan a ajiye, har ana iya gaya wa Gradle ya ci gaba da aiki ba tare da intanet ba.

Sau da yawa ginin farko ba ya tafiya lami lafiya, sai a ga jan rubutu ya cika ƙasan allo. Kada wannan ya karya mana gwiwa, ruwa ba ya tsami banza. Yawancin kuskuren daga saɓanin zubi yake fitowa: rubutun yana neman sabon Android Studio alhali namu tsoho ne, ko Gradle bai dace da zubin Java da aka ba shi ba, ko kuwa akwai wani kayan Android da ba a sauko da shi ba tukuna. Jan rubutun da kansa yakan faɗi abin da ya ɓace. A karanta shi a tsanake tun daga layin farko, a gyara abu ɗaya, a sake gwadawa. Mai canja abu biyar a lokaci guda ba zai san wanne ne ya yi magani ba.

Sa'an nan sai batun inda za a gwada ta. Android Studio yana da wayar kwaikwayo da take fitowa a kan allo, amma tana da nauyi, ƙaramar kwamfuta ba ta iya ɗaukarta. Wayar aljihunmu ta fi. A shiga saitinta, a nemi bayanin waya, a taɓa lambar gini sau 7, sai sashen masu gina manhaja ya bayyana. A can ake buɗe izinin aiki ta igiyar USB, a haɗa waya da kwamfuta, a danna koren maɓalli. Ba a jima ba sai ga Jetchat a kan waya, ginin hannunmu.

Yanzu ga darasin da ya tara mu. A rubuta saƙo a cikinta a aika, zai fito a kan allo kamar gaske, amma babu inda ya je. Hirar da ake gani a ciki ta ƙarya ce, a rubuce take cikin wani fayil, kowa yana iya buɗewa ya gani. Ashe abin da muke riƙe da shi a hannu rabin aiki ne. Ɗaya rabin shi ne uwar garke, watau babbar kwamfutar da take karɓar saƙo, ta ajiye, ta miƙa wa mai shi. Wanda yake riƙe da uwar garke shi yake sanin wa ya yi magana da wa, kuma yaushe. In saƙon ba a kulle yake ba tun daga wayar mai aikawa har zuwa ta mai karɓa, to yana iya karanta shi ma.

Da wannan fahimta sai mu koma wa manyan gidajen nan da buɗaɗɗen ido. Wanda ya gina Telegram daga tushe dole ya nemi lambar shaida daga kamfanin kafin manhajarsa ta yi magana da uwar garkensu, wadda rubutunta a rufe yake, kuma hirar yau da kullum a can ba ta da irin kullewar nan, sai an zaɓi hirar sirri. Signal ta wallafa rubutun uwar garkenta, tun 2016 kuma ta shirya yadda mutum zai gina manhajarta ta Android ya gwada ta da wadda take kasuwa, ya ga ko ɗaya ne. WhatsApp tana amfani da tsarin kulle saƙo na Signal tun 2016, amma a nan sai dai mu gaskata maganarsu. Ma'aikacin da yake aika sunayen mutane da lambobinsu ta waya ya kamata ya san wannan bambanci, balle da yake Nijeriya ta kafa dokar kare bayanan jama'a a 2023. Zanen aro ba ya rufe katara.

Akwai kuma batun hatimi. Android ba ta karɓar manhaja sai da sa hannun wanda ya gina ta. Na gwaji Android Studio ne yake yi mana, amma ranar da za mu rarraba wa jama'a sai mun ƙera namu makulli, mu adana shi kamar hatimin ofis, domin waya ba ta yarda a sabunta manhaja da wani hatimi dabam.

Daga ƙarshe, mu sa harshenmu a ciki. Kalmomin da manhaja take nunawa a kan maɓallanta akan tara su cikin fayil mai suna strings.xml. In muka buɗe sabuwar jaka mai suna values-ha, da yake ha ita ce alamar Hausa, muka zuba fassararmu a ciki, to duk wayar da aka saita da Hausa za ta nuna namu. Haruffanmu masu lanƙwasa, ƙ da ɗ da ɓ, suna da gurbinsu a tsarin Unicode, babu dalilin jefar da su. Wannan aikin yini guda ne ga ɗalibin Hausa da ɗalibin kimiyyar kwamfuta in suka zauna tare.

Saboda haka muna kira ga Ƙungiyar Ɗalibai ta nema mana ɗaki mai wuta da intanet, ko da yamma ɗaya ce a mako. A zauna uku uku a kan kwamfuta ɗaya, wanda ya iya ya kama hannun wanda bai iya ba, tun da hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Kafin zangon nan ya ƙare, kowane rukuni ya nuna Jetchat ɗinsa tana magana da Hausa. A zango mai zuwa sai mu tayar da tamu uwar garke, saƙo ya tashi daga wannan waya ya faɗa waccan, mu kuwa mun san ta inda ya bi.

 Allah ya ba mu ilmi mai amfani.