Jiran Imuraren da Jiran Kirsimeti

Jawabin da aka gabatar ga Kiristocin Arlit a makonnin shirin Kirsimeti

Lahadi huɗu da ke gaban 25 ga Disamba Ikilisiya ta keɓe su domin jiran zuwan Almasihu, kowace Lahadi a ƙara kunna kyandir guda. To, in dai batun jira ne, babu mai koya wa mutumin Arlit.

A 1966 aka gano yuraniyom a Imuraren, kimanin kilomita 80 kudu da wannan gari. Sai ranar 4 ga Mayu 2009 Shugaba Tanja Mamadu ya aza harsashin aikin, aka ce za a riƙa haƙo tan 5,000 a shekara har tsawon shekara 35. Samari suka baro ƙauyuka, masu shaguna suka ƙaro kaya, masu filaye suka tada ɗakunan haya. Hatsarin Fukushima na Japan a 2011 ya karya farashi, a 2014 aka jingine aikin. Ranar 31 ga Maris 2021 Kominak ta rufe raminta, unguwannin Akokan suka yi tsit. A Yunin 2024 gwamnati ta karɓe izinin Imuraren daga kamfanin Orano na Faransa, a Yunin 2025 kuma ta mayar da Somayir mallakar ƙasa. Da yawa sun yi murna, kuma suna da hujja. Sai dai matar da mijinta ya rasa aiki, tambayarta ba ta sake ba: me za a ɗora a murhu yau?

Wannan jira ne na wanda aka yi wa alkawari daga nesa, makomarsa tana hannun farashin da ake yankewa a wata nahiya. Begen Kirista wani abu ne daban, domin Wanda ake jira ya riga ya nuna inda ake samun sa. Bishara ta ce umarnin ƙidaya daga fadar Kaisar ne ya fitar da Yusufu da Maryamu daga Nazarat tana da tsohon ciki. A Baitalami ba su sami wuri a masauki ba, aka kwantar da jariri a komin dabbobi. Daga baya suka gudu da shi Masar saboda takobin Hirudus. Wato iyali ne na matafiya, irin waɗanda ke kwana a tashar motar Arlit.

A Oktoban 2013 aka tsinci gawa 92 a hamada tsakanin nan da iyakar Aljeriya, akasarinsu mata da yara daga yankin Kance, motocinsu sun lalace, ƙishirwa ta gama da su. Shekaru kuma ke nan ana sauke waɗanda Aljeriya ta koro a bakin iyaka, su tako kilomita 15 zuwa Asamaka, wasu babu ko takalmi, ga sanyin Disamba. Mai neman Almasihu a bana, can zai fara dubawa.

Kiristocin wannan gari 'yan kaɗan ne, galibi ma baƙi ne da aiki ya kawo, kuma aljihunsu ya yi sanyi kamar na kowa. Amma bargo ɗaya da jarkar ruwa ba su fi ƙarfin ikilisiya ba. Ɗan kasuwa ya cika mudu, ya daina tsawwala wa baƙo don ya ga ba ya jin Hausa. Ma'aikacin ofis ya fito da takardun tsohon ma'aikacin rami da suka kwana biyu a aljihun tebur, ba tare da jiran goro ba.

Aikin kuma ba na Kirista kaɗai ba ne. Lokacin da aka ƙone majami'u a Damagaram da Yamai a Janairun 2015, akwai Musulmin da suka ɓoye maƙwabtansu Kiristoci a cikin gidajensu. Mutanen da littafinsu ke da sura sukutum da sunan Maryamu, ya dace su ne na farko da za a kai wa tuwon Kirsimeti, a kuma nemi su raka masu kai barguna tasha.