Fata Ce Shaida: Yadda Ake Gane Harbin Jelifish



Jelifish halittar teku ce mai taushin jiki, ba ƙashi ba ƙwaƙwalwa, sai dogayen zarurruka da take ja cikin ruwa. Kowane zare cike yake da dubban ƙananan kwanson dafi, kowanne da allurarsa a naɗe, da zarar fata ta goge shi sai allurar ta ɓalle ta huda. Abin da ke ɗaure wa likita kai shi ne, wanda aka harba ba kasafai yake ganin abin da ya harbe shi ba. Iyakar bayaninsa, yana cikin ruwa ya ji raɗaɗi a ƙafa. Magani kuwa ya danganta da jinsin da ya yi harbin. Matsayina a wannan lacca shi ne fatar majiyyaci ce babbar shaida, kuma koyon karanta ta da kayan aiki masu sauƙin kuɗi ya fi zaman jiran manyan na'urori.

A tekun arewacin Ostireliya akwai jinsin Chironex fleckeri, mai zarurruka har 60, kowanne yana iya kai mita 3. Dafinsa na iya tsayar da zuciya cikin 'yan mintoci. Taimakon farko shi ne a kwarara ruwan khal a wurin na aƙalla daƙiƙa 30 don hana sauran kwanson fashewa, kuma tun 1970 ake da allurar karya dafinsa. Amma ga Physalia, ɗan uwan jelifish mai shuɗin jiki, binciken da aka buga a 2006 daga Newcastle ya nuna tsoma wurin cikin ruwa mai zafin digiri 45 na minti 20 ya fi ƙanƙara kashe raɗaɗi. A wasu jinsunan kuwa khal ɗin ma shi ke ƙara fasa kwanson. Ga kuma Carukia barnesi, wanda bai wuce kan yatsa ba. Harbinsa da ƙyar ake ganin tabonsa, sai bayan kamar rabin awa ciwon baya da gumi da amai da hauhawar jini su taso. Shi ne ciwon Irukandji, wanda likita Jack Barnes ya tabbatar da musabbabinsa ta hanyar harbin kansa da halittar, ya buga sakamakon a 1964. A 2002 ciwon ya kashe 'yan yawon buɗe ido biyu a jihar Kwinsland.

To, me fata ke nunawa? Da ido kawai ana iya gane harbin Chironex, domin yana barin dogayen shatoci masu faɗi da ƙananan layuka a gicciye, siffar tsani. Sauran jinsuna sai an matso kusa. Madubin duba fata na hannu yana ƙara girman abu sau 10, haskensa kuma yana ratsa saman fata. A 2016 likitocin fata a tsibirin Mayorka na Sifaniya suka buga abin da suka gani da shi a harbin Pelagia noctiluca, wanda ya addabi Bahar Rum: ɗige-ɗige masu ruwan ƙasa, zane mai kama da rubutun Sin, da ƙananan ɓawon miki a jere inda zaren ya kwanta. Sama da wannan akwai na'urar da ke amfani da hasken leza ta nuno ƙwayoyin fata ba tare da yanka ba, sai dai zurfin ganinta bai wuce kimanin kashi ɗaya cikin biyar na milimita ba, kuma tsadarta ta fi ƙarfin asibitin bakin teku. Hanya mafi arha ta fito ne daga birnin Darwin a 1995: a manna salatif a kan tabon, a ɓare, a liƙa kan gilashi, a sa a maikroskop. Kwanson da suka maƙale sai su bayyana, siffarsu ta nuna dangin mai harbin. Gani ya kori ji.

Wani zai ce ai wanda ke fafutukar numfashi ba ya jiran madubi. Gaskiya ne, kuma duk likitan da ya jinkirta khal ko farfaɗo da zuciya don ɗaukar hoto ya yi ganganci. Amma yawancin waɗanda ke zuwa asibiti ba a wannan hali suke ba. Akwai wanda zai zo bayan kwanaki da ƙaiƙayin da ya lafa ya sake dawowa. Akwai matafiyin da ya koma garinsu nesa da teku, likitansa bai taɓa ganin irin tabon ba, zai iya ɗaukarsa ƙunar da ruwan lemun tsami ke yi wa fata idan rana ta doke ta, ita ma a layi take fitowa. A nan duban ƙwaƙƙwafi ke hana ba da maganin da ba na ciwon ba.

Suka ta biyu ta fi nauyi: hujjojin ba su da yawa, kuma akasarinsu daga fatar Turawa aka tattaro. Jan da ke fitowa ɓaro-ɓaro a farar fata yana ɓuya a baƙa, ɗigon ruwan ƙasa kuma yana iya sajewa da launin jiki. Na yarda da wannan, kuma shi ne dalilin da ya sa aikin ya zama namu. Masunta da masu wanka a gaɓar Legas, Kwatano, Akra da Bur Sudan suna shiga ruwan da waɗannan halittu ke ciki. Idan likitocin wuraren ba su ɗauki hotunan tabon a fatar mutanensu ba, littattafan koyarwa za su ci gaba da nuna rabin gaskiya. Salatif kuwa bai damu da launin fata ba, wannan ma wani dalili ne na fifita shi.

Saura batun kuɗi. Madubin hannu ba na jelifish kaɗai ba ne, da shi ake gano ƙwaron ƙazwa cikin raminsa, da shi ake tantance tabon da ake zargin daji ne. Maikroskop kuma yana nan a ɗakunan gwaji da dama da ke duba zazzaɓin cizon sauro. Ban da haka, jinsuna suna ƙaura. Rhopilema nomadica ya shiga Bahar Rum ta mashigin Suwez a shekarun 1970, yanzu ya zama ruwan dare a gabashin tekun. Asibitin da ke ajiye hoto da gilashin gwaji, tare da kwanan wata da wurin harbi, shi zai fara sanin baƙo ya iso.

Saboda haka kirana ga makarantun likitanci da asibitocin gaɓar teku abu uku ne, bi da bi: a fara ceton rai, sannan a duba fata a ɗauki hoto da samfur, sannan a adana bayanin inda wani likita zai same shi. Babu ɗaya cikin ukun da ke buƙatar jiran tallafi daga waje.