Jawabi a Kan Fashin Makaranta

An umurce ni in yi magana a kan fashin makaranta, watau ko ya kamata a tilasta wa yara zuwa. Da yake ni malamin kotu ne, ta wajen doka zan fara.

Tilastawa ba sabon abu ba ne a ƙasar nan. Tun da Ɗan Hausa ya buɗe makarantar Nasarawa a Kano cikin 1909, ba kasafai ake samun yara da son iyayensu ba. Sarki ya aika wa hakimi, hakimi ya aza wa dagaci, dagaci ya ba da yaro, wanda ya gudu kuwa a tura dogari ya komo da shi. Har wani mai hali yakan ɓoye ɗansa ya miƙa ɗan baransa, daga baya ya ga ɗan baran nan ya zama malamin En'e, ya rasa bakin magana. Cikin 1976 aka buɗe firamare kyauta ga kowa, sa'an nan dokar 2004 ta wajabta karatun shekara 9. Uban da ya ƙi, da fari a tsawata masa, na biyu tarar naira 2,000 ko ɗaurin wata ɗaya, bayan wannan naira 5,000 ko wata biyu.

To, doka kam ga ta a takarda. Amma alƙali ba ya yanke hukunci sai ya ji ta bakin wanda aka yi ƙara, mu ma sai mu saurari iyaye. Ruwa ya sauka, gona ba ta jira, manomi kuwa ba shi da kuɗin ƙodago sai hannun 'ya'yansa. Damina ta yi nisa, zazzaɓin cizon sauro ya kwantar da yara. Yarinya ta ɗauki tallar uwarta, gama da ribar nan ake cefane, da ita kuma ake tara mata kayan ɗaki. In kasuwar garinsu Laraba take ci, ranar ba ta zuwa makaranta. Ku lissafa: kwana 1 cikin 5, a shekara 9 ta yi hasarar kusan shekara 2, alhali ba wanda ya taɓa cewa ta bar karatu. Tun da aka kwashe yara a Ƙanƙara cikin 2020, da Jangebe cikin 2021, tsoro ya shiga lissafin, shi kuwa tara ba ta maganinsa.

A ganina lalle a tilasta, domin yaro bai san abin da yake rasawa ba, sai babba ya tsaya masa. Amma a bi daki-daki. A kira suna kowace safiya da gaskiya, kada a cika rajista ranar Juma'a da ka. Yaro ya yi fashin kwana uku, hedimasta ya sanar da mai unguwa, shi ya san gidan da ake ciwo da gidan da ake sakaci. Mai ciwo a taimake shi, mai sakaci dagaci ya yi masa faɗa, in ya ƙi ji, sa'an nan a kawo mana shi kotu.

Rajistar nan kuma ta hau kan malamai. Yaron da ya yi tafiyar mil uku da yunwa, ya tarar da aji ba malami har azahar, gobe ubansa gona zai tura shi, ban kuwa ga alƙalin da zai iya cin uban nan tara ba.